Abin da Bai Shiga Rahoton Zama Ba

Ni ne mai biro a ƙarshen tebur.
Aikina in rubuta wa ya ce, me ya ce,
ba a tambayata me na gani.

Ranar Talata, goma ta gota,
fanka na juyi kamar an tilasta mata,
aka warware taswira, aka danne kusurwoyinta
da kofin shayi, da waya, da makullin mota.
Fili mai lamba arba'in da bakwai, Mabera:
bene hawa uku, ɗakunan ganin likita,
na haƙori a ƙasa, na ido a sama,
ɗakin gwajin jini yana duban gabas.

Dakta Rufa'i ya miƙe, ya gyara zaman hula.
Shekara goma sha ɗaya, in ji shi, yana haya
a shagon da a da ake sayar da taya.
Masu jira rabi a benci, rabi a rana,
wata mai ciki ta taɓa zubewa a bakin ƙofa.
Na rubuta: "Mai nema ya yi bayani."
Rawar da muryarsa ta yi ba ta da gurbi a takarda.

Injiniya Luba ta ɗora ma'auni.
Daga katanga zuwa titi taku nawa?
Mota ashirin in ta zo, ina za ta tsaya?
Allura da auduga mai jini, ina za a ƙona?
Unguwar nan a kundinmu ta kwana ce,
sai an sauya mata suna kafin a haƙa tushe.
Malam Ɗan'ige ya ɗaga hannu tun ba ta dire ba:
"Tagogin sama fa? Iyalina na shanya,
baƙo na bisa yana ƙirga musu zane?"

Sai ga Inna Tumba, kabu-kabu ya sauke ta,
sanda a gaba, ita a baya.
Ta sunkuya kan taswira har numfashinta ya motsa ta.
"Ɗiyana, ku gwada min ruwa cikin wagga takarda."
Kowa ya dubi na kusa da shi.
"Wanga fili masaukin ruwa na.
In damina ta kankama, nan shika kwana.
Ni ma ina son likita kusa, gwiwata ta gaji da tafiya.
Amma in kun ba likita ɗakin ruwa,
ɗakina za shi zo. Ya san hanya."

Alhaji Modi ya cire tabarau, ya mayar.
Ya nemi ranar da aka yi awo,
aka ce masa tsakiyar bazara,
lokacin da ko kwaɗo ba ya ba da shaida.

Aka yanke: a ɗaga tagogi sama da kai,
a ja katanga baya, a zano magudana,
kwamiti ya je da ƙafarsa bayan ruwan farko.
Na rubuta: "An ɗage zama."
Kalma uku, wata huɗu na hayar likita.

Da na fito neman abin hawa
na hango shi ya buɗe mata ƙofar mota.
Tana ta faɗa, yana ta gyaɗa kai,
har ya durƙusa yana latsa mata gwiwa
a nan bakin hukuma, taswira a hammata.

Da yamma na bi ta filin.
Awaki, turakun ƙwallo, dutsen awo da jan fenti.
A bangon Inna akwai wani layi mai duhu
daidai ƙuguna, miƙaƙƙe, ba gargada.
Ruwa ya riga mu sa hannu.